Fisiyo ko OT ko mai zuwa gida: wanne za ki fara kai yaronki idan ƙarfinki ba zai kai ga duka ba

Wannan rubutun na iyayen da likitan yara ya duba ɗansu ne ya ce musu yaron yana buƙatar gashi, wani lokacin ma a haɗo su da takarda biyu, ɗaya ta sashen fisiyo (masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi) ɗaya ta wajen OT (occupational therapy, masu koya wa yaro ayyukan yau da kullum kamar ci da sa kaya), sannan ga wata 'yar uwa a gefe tana cewa ku bar wahalar layin asibiti akwai wanda yake zuwa har gida ya yi, ga kuma kaka tana cewa a kai shi wajen mai ɗori tukunna. Mai gida kuma ya lissafa kuɗin mota ya ce duka ba za su yiwu ba a zaɓi ɗaya. Da uwa zan fi yin magana don ita ce take goyon yaron zuwa asibiti kuma ita ce za ta yi aikin a gida, amma iyaye maza ku ma ku karanta don Allah, hukuncin kuɗin a hannunku yake.

Kafin komai, duk wanda za ki zaɓa sai likitan yara ya fara ganin yaron ya faɗi abin da yake damunsa. Yaron da wata shida ya wuce bai riƙe wuya ba, ko ya kai wata tara goma ba ya zama, ko shekara ɗaya da rabi bai taka ba, dalilan suna da yawa: wahalar haihuwa da ta sa bai yi kuka da wuri ba, shawarar jarirai da ta yi tsanani ta taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, zazzaɓin sauro mai hawa kai, shanyewar ɓarin jiki a yara masu sikila, wani kuma tamowa ce kawai take hana shi ƙarfi. Idan kuma yana jijjiga ko farfaɗiya to maganin wannan shi ne gaba da kowane gashi, don yaron da yake faɗuwa kullum abin da ya koya yau gobe zai iya zubewa.

Abubuwan da nake ganin ya kamata ki auna da su guda biyar ne. Na farko, mene ne yaron ya kasa yi a yanzu wanda ya fi takura shi da ke a wuni, zama ne ko tafiya ko cin abinci ko riƙe abu. Na biyu kuɗi, kuma a lissafin ki saka kuɗin mota da na kayan da za a ce ki saya da ranar da za ki rasa ta sana'a. Na uku sauƙin samu, wato a garinku akwai shi ko sai kin yi tafiya. Na huɗu ɗorewa, idan kuka daina zuwa wata biyu me zai rage a jikin yaron da hannunki. Na biyar haɗari.

Fisiyo a asibitin gwamnati

Aikin fisiyo shi ne manyan motsin jiki: riƙe wuya, juyi, zama, rarrafe, tsayuwa, tafiya, da hana gaɓoɓi ƙagewa. Za ki ga sun kifa yaro a kan cikinsa suna jan hankalinsa da abin wasa ya ɗago kai, ko sun ɗora shi kan babbar ƙwallo suna karkata shi don jikinsa ya koyi tare kansa, ko sun tsayar da shi a katakon tsayuwa an ɗaure gwiwa da ƙugu. Wasu iyayen sukan raina abin su ce wasa kawai aka yi da yaron ko inji ba a saka masa ba, alhali a wajen ƙaramin yaro wannan wasan shi ne maganin, ƙwaƙwalwarsa tana koyon motsi ne ta hanyar ya yi da kansa ya maimaita sau da yawa.

A cikin tawagar likitocin yaro fisiyo ne yake yawan ganinsa, don haka shi yake fara lura da abin da zai sa a koma wajen wani. Misali yaron da ƙafafunsa suke sarƙewa kamar almakashi kuma ba ya tafiya, ƙashin ƙugunsa yana iya zamewa daga gurbinsa a hankali ba tare da kin sani ba, fisiyo nagari zai ce ki je a yi hoton ƙugu a kai wa likitan ƙashi. Shi ne kuma zai ce lokacin takalmin roba mai riƙe idon sawu ya yi ya tura ki wajen masu haɗawa, ko ya rubuta wa likita cewa taurin jikin ya yi yawa a duba ko za a ba shi magani irin baclofen. Wannan zirga-zirgar tsakanin sassa ita ce babbar ribar asibiti, fayil ɗaya ne kowa yana rubutu a ciki.

Samuwa: a nan fisiyo ya fi kowa sauƙi. Asibitin Malam Aminu Kano, asibitin ƙashi na Dala, asibitin koyarwa na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, duk suna da sashen, kuma Jami'ar Bayero ta daɗe tana yaye masu wannan karatun shi ya sa ko a manyan asibitocin jiha za ki same su. 'Yan uwanmu na Nijar su kine suke ce masa, kuma a Yamai akwai asibitin CURE da aka buɗe a 2010 wanda aikinsa yara masu matsalar ƙashi da gaɓoɓi ne.

Kuɗi: kuɗin zama ɗaya a asibitin gwamnati shi ne mafi arha a duk zaɓin nan, amma ga wanda yake nesa kuɗin mota yakan fi na gashin, kuma takalmin roba da katakon tsayuwa daban ake biya, takalmin ma yaro yana girma yana matse shi sai an sake. Idan kuna da inshorar lafiya ta ma'aikata ko ta jiha ki tambaya tun ranar farko zama nawa take ɗauka.

Matsalarsa layi ne da ƙarancin lokaci. Ranar yara takan cika, ki fito da sassafe ki jira awanni a ga yaron na ɗan lokaci, wani zuwan ma yana kuka ko barci ya ɗauke shi a bayanki. Shi ya sa ɗorewar amfanin ta dogara da abu ɗaya: ko an koya miki. Zuwa sau ɗaya ko biyu a sati ba zai zaunar da yaro ba idan sauran kwanakin yana kwance rigingine a katifa. Ki shiga ɗakin da shi, ki ce a nuna miki da hannunki, ki yi a gabansu su gyara miki, ki ɗauki bidiyo a waya idan sun yarda. Haɗarinsa kaɗan ne a hannun mai lasisi.

OT

OT ya fi duba abin da yaro zai yi da jikin nasa a rayuwa: ya kai loma baki, ya riƙe kofi, ya cire riga, ya zauna a fo, ya riƙe fensir, ya yi wasa da 'yan uwansa. Hannu da yatsu da haɗin ido da hannu nan ne filinsa, sai kuma gyara kayan gida su dace da yaron. Cokali a naɗa wa mariƙinsa tsumma ko roba ya yi kauri don hannun da ba ya damƙa sosai, kofi a yanke gefe ɗaya don ya sha ba sai ya ɗaga kai baya ba, kujerar kusurwa da kafinta zai iya haɗawa da katako wadda take tare bayansa da gefensa hannayen su samu 'yancin yin wasa. Yaron da hannu ɗaya ne ya shanye yana mantawa da shi gaba ɗaya, OT yakan sa a rufe lafiyayyen hannun da safa na wani lokaci a wuni ana wasa don dole ya yi amfani da mai raunin, kuma wannan hanyar tana aiki.

Inda na fi son iyaye su ji maganar OT shi ne ciyarwa. Yara da yawa masu lalurar ƙwaƙwalwa haɗiya tana musu wuya, suna ƙwarewa suna tari in ana ba su kunu, abincin minti goma ya ɗauki awa guda, uwa ta gaji ta kwantar da shi a cinya ta yi masa ɗura don dai ya samu wani abu a cikinsa. Na san tausayi ne yake sa hakan amma ɗura ga irin wannan yaron haɗari ce babba, kunun yana iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, sai ki ga yaro kullum ciwon ƙirji da zazzaɓi ana ta kwantar da shi a asibiti ba a gane daga ina ba. Yadda za a zaunar da shi a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuyo, kaurin kunun ya zama daidai, loma ƙarama, a jira ya haɗiye, wannan OT da likitan koyar da magana su ne suke koyar da shi. Yaron da ba ya samun abinci ya ishe shi ba shi da ƙarfin da zai yi gashi ma.

Su ne kuma suke haɗa abin ɗaure hannu na roba da ake tausasawa da ruwan zafi a lanƙwasa daidai hannun yaro, don babban yatsan da yake naɗewa cikin tafi ko hannun da ya ƙone da wuta ko ruwan zafi kar fatar ta haɗe yatsun in tana warkewa. Sai yara masu otizim (lalurar da take sa magana da cuɗanya da mutane su yi wa yaro wuya) da waɗanda ƙara ko taɓi ko wani irin abinci yake firgita su, da masu tafiya lafiya lau amma rubutu da ɓalla maɓalli ya gagare su a makaranta, waɗannan fisiyo ba shi da abin yi musu sosai.

Samuwa ita ce matsalar. Masu wannan karatun kaɗan ne ƙwarai a Najeriya in aka kwatanta da fisiyo, tsofaffin wuraren koyar da shi ma a kudu suke, Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife da makarantar tarayya ta Oshodi a Legas, kuma an fi samun su a asibitocin ƙashi da na ƙwaƙwalwa na tarayya da wasu asibitocin koyarwa. Idan garinku babu to sai tafiya. Abin da yake rage zafin shi ne aikin OT ba lallai sai kowane sati ba, za ki iya zuwa a auna yaron a tsara miki abin yi a gida a ba ki awon kujera, ki dawo bayan wasu makonni a duba a ƙara mataki. A asibitin gwamnati kuɗin ganinsa bai yi nisa da na fisiyo ba, a cibiyoyi masu zaman kansu na manyan birane kuwa yana da tsada sosai. Wajen ɗorewa ina ganin ya fi kowa, don abin da ya koyar yana shiga cikin wanka da cin abinci da sa kaya da za ki yi kullum ko kin so ko ba ki so ba. Haɗarinsa kaɗan ne, sai dai abin ɗaure hannu in ya matse yana yin gyambo, ki dinga cirewa kina duba fatar.

Mai zuwa gida

Wannan zaɓin yana da daɗi ga uwa mai goyo ko mai ciki ko wadda yaronta ya yi nauyin ɗauka, ba layi ba rana, yaron yana cikin tabarmarsa bai firgita ba, kuma mai gashin yana ganin ainihin inda yaron yake kwana da zama sai shawararsa ta dace da gidan. Lokacin da zai ba yaron ma ya fi na asibiti.

Amma shi ne mafi tsada nesa ba kusa ba, kowane zuwa kuɗi ne a hannu har da na motarsa, kuma lalura irin ta ƙwaƙwalwa ba ta wata ɗaya ba ce, iyalai da yawa suna farawa da zafi kullum-kullum, kuɗi ya ƙare a wata na biyu a tsaya cak uwa ba ta koyi komai ba don tana kicin lokacin da ake yi. Kuma a nan haɗari ya fi yawa saboda ba wanda yake ganin abin da ake yi. Akwai masu yawo da farar riga da ɗan inji a jaka waɗanda ba su yi karatun ba. Hukumar da take yi wa fisiyo da OT da masu koyar da magana rajista a Najeriya ita ce MRTB, ki nemi ganin lasisinsa na wannan shekarar kuma ki tambayi asibitin da yake aiki, mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Alamomin da za su sa ki sallame shi: yana miƙar da gaɓa da ƙarfin tsiya yaro yana ihu yana cewa sai an yi haka, alhali ƙashin yaron da ba ya tafiya ba shi da ƙwari yana iya karyewa, yana haska fitilar zafi a fatar yaron da ba zai iya cewa ta ƙona shi ba, ba ya tambayar takardun asibiti, yana sayar miki da magani, ko ya yi miki alkawarin nan da wata kaza yaron zai tashi ya yi tafiya. Raunin da ya samu ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa kuma ba ya gogewa, abin da ake yi shi ne a kai yaron iyakar abin da zai iya, wani zai yi tafiya da kansa, wani da abin dogarawa, wani keke ne zai zama ƙafarsa kuma ya yi makaranta a haka.

Mai ɗori kuwa ban saka shi cikin zaɓin ba. Yaron da bai zauna ba ko hannunsa ya saki tun haihuwa ba karaya ce da shi ba balle a ɗora, ja da murɗa da ɗauri mai tsauri da tsaga ba abin da za su ƙara masa sai rauni da ɓata watannin farko waɗanda su ne mafiya muhimmanci.

| Ma'auni | Fisiyo a asibiti | OT | Mai zuwa gida |
|---|---|---|---|
| Abin da ya fi gyarawa | wuya, zama, tsayuwa, tafiya, taurin gaɓoɓi | hannu, ci da sha, sa kaya, rubutu, kujera | ya danganta da karatunsa, yawanci fisiyo ne |
| Kuɗi | arha, sai kuɗin mota da takalmi | matsakaici a gwamnati, tsada a masu zaman kansu | mafi tsada |
| Sauƙin samu | akwai a manyan asibitoci, ga layi | kaɗan ne, sau da yawa sai an yi tafiya | sauƙi a birni, wuya a ƙauye |
| Ɗorewa | mai kyau in an koya wa uwa | mai kyau ƙwarai | yana tsayawa in kuɗi ya ƙare |
| Haɗari | kaɗan | kaɗan | babba in ba a tantance shi ba |
| Haɗin kai da sauran likitoci | mai ƙarfi | mai ƙarfi a asibiti | rauni, sai kin haɗa da kanki |

Wanne ya dace da wa

Jaririn da aka haifa hannu ɗaya a sake ba ya ɗagawa, yawanci bayan haihuwa mai wuya da kafaɗa ta maƙale: fisiyo, kuma cikin makonnin farko. Da yawa suna warwarewa, amma idan ya kai wata uku zuwa shida bai fara lanƙwasa gwiwar hannun ba a nemi likitan tiyata ya gani. OT zai shigo daga baya in ya fara kai hannu ga abu.

Jaririn da tafin ƙafarsa ya lanƙwashe ciki tun haihuwa: wannan asibitin ƙashi za ki nufa kai tsaye inda ake yin hanyar Ponseti, filasta mai tauri irin na karaya ake sakawa ana canzawa duk sati kamar sau biyar zuwa takwas, yawanci a ɗan yanka jijiyar dunduniya, sai takalmi mai sanda kusan dare da rana na wata uku, daga nan da daddare har shekara huɗu zuwa biyar. Tausa a gida ba ta miƙar da ita, kuma cire takalmin da wuri shi yake dawo da ita.

Yaron da ƙafarsa ta saki bayan allura a ɗuwawu yana jan ta: fisiyo da takalmin roba. Wanda kuwa ƙafa ko hannu ya saki farat ɗaya ba dalili, asibiti a ranar, a duba shan inna da sauran abubuwa, in mai sikila ne ma gaggawa ce.

Yaro ƙasa da shekara biyu da bai riƙe wuya ko bai zauna ba kuma yana cin abinci lafiya: ki fara da fisiyo a asibiti, ki roƙi a haɗa ki da OT ko sau ɗaya ne saboda kujera. Idan kuma yana ƙwarewa, yana ramewa, ciyar da shi ya zama yaƙi, to ki juya lissafin, OT ko likitan magana da mai kula da abinci su ne farko ko da tafiya za ki yi.

Yaron da yake tafiya amma hannu ɗaya a dunƙule, ko ya kai shekarun makaranta ba ya iya ci da sa kaya da kansa, ko mai otizim, ko wanda ya ƙone a hannu: OT.

Yaron da ya girma ya yi nauyi ba ya tafiya, ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ko uwa ba ta da halin fita: mai zuwa gida mai lasisi, amma ki rage yawan zuwan yadda aljihu zai jure shekara, ki zauna a wajen duk lokacin da yake yi, kuma kar ki yar da katin asibiti, ki ci gaba da kai shi ganin likita da hoton ƙugu.

Wadda take ƙauye ba ko ɗaya kusa: ki tara kuɗin tafiya ɗaya zuwa asibitin koyarwa ko na ƙashi, ki nemi a haɗa miki ganin likitan yara da fisiyo da OT a rana ɗaya ko kwana biyu a jere, ki tafi da wanda zai taya ki aikin a gida ko babbar 'ya ko mahaifin don hannu biyu su koya, a rubuta muku ko a ɗaukar muku a waya, sannan ki karɓi ranar dawowa kafin ki bar asibitin.